Mai haɗa sola a Katsina da ya yi wata 19 yana neman Google ya san da zamanshi

Asalin lamarin

Mai haɗa solar nan ƙanen abokina ne, tare muka taso da yayanshi a cikin gari, kuma da saninshi nake rubuta wannan, sunanshi da na shagonshi ne kawai ya ce in bari. Difloma ya yi a fannin lantarki, ya je Kano ya yi shekara biyu hannun wani ubangida mai haɗa sola, ya dawo Katsina ya kama ɗan shago ta wajen Ƙofar Ƙaura a ƙarshen 2022. Shi ne, da yara biyu masu hawa rufi, sai ƙanwarshi da take riƙe mashi littafin shago in ta dawo daga makaranta.

Kasuwa tana tafiya a hankali har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi. Cikin ƴan kwanaki litar fetur ta haura naira 500, masu janareto suka fara lissafi, masu noman rani da ke ban ruwa da injin fetur suka fi kowa shiga uku. Sai tambayar sola ta yi yawa a gari. Matsalarshi ita ce duk wanda ya zo wajenshi wani ne ya turo shi, ɗan uwa ko abokin ɗan uwa, manyan ayyuka kuma irin na makarantu da asibitocin kuɗi da gidajen GRA sai dai ya ji an ɗauko mutane daga Kano ko Kaduna sun yi. Da ya bincika sai aka ce mashi ai a intanet ake nemo su. To daga nan ya ƙudurta shi ma sai ya shiga.

Agusta zuwa Nuwamba 2023: shafi ya tsaya, ba kowa

Ya biya wani matashi ya gina mashi shafin intanet da WordPress, wato manhajar gina shafuka, aka sayi suna mai ƙarewa da .com.ng, aka zuba hotuna manya manya na gidajen Turawa da fanel a rufi. Komai da Turanci. Wallahi shafin ya yi kyau a kwamfuta, ba zan rage ma yaron da ya gina shi ba. Ya buga adireshin a jikin allon shago da katin kasuwanci, ya zauna yana jiran kira.

Wata uku ba kira ko ɗaya. A Nuwamba ya same ni bayan la'asar ya ce “Yaya dan Allah duba mani abun ga, ko sunan shagona na rubuta ba ya fitowa, mi ke faruwa?”

Abu na farko da na yi bai kai minti ɗaya ba. Na rubuta site: a Google na liƙa adireshin shafin a gabanshi, wannan ita ce hanyar da ake tambayar Google me da me ya sani daga cikin wani shafi. Babu komai. Muka shiga cikin saitin WordPress ɗin, a ɓangaren karatu akwai wani ɗan akwati da in aka danna shi yana roƙon injinan bincike kada su saka shafin a rumbunsu, masu gini suna danna shi lokacin da suke kan aiki don kada a ga shafi rabi da rabi, in sun gama su cire. Wannan ya gama bai cire ba. Wato wata uku shago a buɗe amma da takarda a ƙofa an rubuta kar a shigo.

Muka cire. Muka yi mashi rajista a Google Search Console, kyauta ne, shi ke nuna maka sau nawa aka nuno shafinka a sakamakon bincike, sau nawa aka latsa, da ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su gan ka. Muka tura ma Google taswirar shafi, wato jerin adireshin duk abun da ke cikin shafin. Kafin sati biyu in ka rubuta sunan shagon yana fitowa. Sunan shagon kawai fa, wanda kuma sai wanda ya riga ya san ka ne zai rubuta.

Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024: kuɗin da suka tafi

Nan ne ya yi gaban kanshi, ni ma lokacin ina ta zirga zirga ban bi ta kanshi ba. Wani ya yi mashi talla a Facebook wai zai kai shi shafin farko na Google cikin kwana 30. Kunshin ya haɗa da rubuce rubuce 40 da linki ɗaruruwa daga wasu shafuka masu nuni zuwa nashi. Ya biya. Kuɗin sun kusa sayen batir guda.

Da na karanta rubuce rubucen daga baya, duk da Turanci ne, duk kusan abu ɗaya suke maimaitawa, amfanin hasken rana ga muhalli, tarihin sola, dalilai goma da ya sa ya kamata ka koma sola, har akwai wanda ke bayanin yanda ake share ƙanƙarar sanyi daga kan fanel. A Katsina fa! Kana gani ka san inji aka ba ya zubo, ba a ma sake karantawa ba. An cusa kalmar Katsina a kowane layi na uku kamar ana barbaɗa yaji. Linkunan kuma daga wasu shafuka ne marasa kan gado, na caca da na magunguna, da harsunan da ba mu ma san su ba.

A Janairu da Fabrairu lambobi sun ɗan motsa a Search Console, ya yi ta murna yana turo mani hoton allo. Na ce ya latsa wajen ƙasashe. Indiya, Amurka, Filifin. Najeriya can ƙasa. Kira daga shafin kuma har lokacin babu.

Ranar 5 ga Maris 2024 Google ya sanar da babban sauyi a tsarin jera sakamako, tare da sababbin dokoki, ciki har da wadda ta shafi masu zubo rubutu da yawa ba don amfanin mai karatu ba sai don su hau sama, ko inji ya rubuta ko mutum. Sauyin ya ɗauki kwana 45 kafin ya gama zagayawa. A cikin wannan tsakanin ɗan abun da yake gani ya zube kusan ƙasa. Sayen linki kuwa daman tsohon laifi ne a wajen Google, sun daɗe suna yaƙi da shi. Wanda ya karɓi kuɗin ya daina ɗaga waya.

Abun da ya fi ci mashi rai ba kuɗin ba ne. An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, zafi ya sauko, kowa na neman fanka da ruwan sanyi da ƙanƙara, lokacin da mai sola ya kamata ya kwashi kasuwa ke nan, shi kuma shafinshi na koyar da share ƙanƙarar Turai.

Mayu 2024: zama da littafin ƙanwarshi

Bayan sallah muka zauna a shagon mu uku. Na ce kada kowa ya taɓa kwamfuta yau. Na ce ya buɗe WhatsApp ɗinshi ya koma baya wata shida, duk tambayar da kwastoma ya yi mashi, rubutacciya ko ta murya, ƙanwar ta rubuta a littafi yanda aka faɗe ta, kar ta gyara Hausar kuma kar ta mayar da ita Turanci. Sai da muka yi yamma biyu.

Da aka gama sai ga shi tambayoyin ba su da wani yawa, maimaituwa suke. Nawa ne solar da zata dauki firiza. Batir dina baya kai asuba meye matsalar. Tubular ko lithium wanne yafi. Inbata na ta kuka. Panel nawa zai ja famfon rijiya. Zata dauki AC? Ko mutum ɗaya bai tambayi amfanin sola ga muhalli ba.

Daga nan muka dawo Google muna rubuta farkon waɗannan tambayoyi muna kallon abun da yake ƙarasa mana da kanshi, saboda abun da yake ƙarasawa daga abun da mutane ke nema yake ɗaukowa. Muka duba ƴan kalmomin da suka shigo Search Console daga Najeriya. Abu biyu muka lura da su. Na farko mutanenmu ba Hausa zalla suke rubutawa ba kuma ba Turanci zalla ba, gauraye ne, irin “farashin solar a katsina” ko “solar freezer price katsina”. Na biyu kusan ba mai sa lanƙwasa, kankara ake rubutawa ba ƙanƙara ba, kudi ba kuɗi ba, saboda allon rubutun yawancin wayoyi a Turanci yake zaune.

Aka ɗan yi gardama a nan. Shi yana son Turanci wai ya fi kama da babban kamfani. Ƙanwar ta ce mashi “Yaya, duk wanda ya kira ka da Hausa yake maka magana, har likitocin.” Ni kuma hujjata ta lissafi ce, in ka rubuta da Turanci kana gogayya da manyan kamfanonin Legas da Abuja da shafukan duniya masu shekaru, in ka rubuta amsar da Hausa filin kusan fayau yake. Aka tsaya a kan rubutu da Hausa irin wadda yake yi ma kwastoma a shago, sunayen kaya a bar su yanda ake kiran su a kasuwa, kanun kowane rubutu ya zama ita tambayar da kanta yanda mutane ke bugawa, sai shafi ɗaya tak da Turanci don ofisoshi da ƙungiyoyi masu neman takardar farashi.

Rubuce rubuce 40 ɗin nan muka goge su duka a rana ɗaya. Ya ce kamar ana cire mashi haƙori.

Yuni zuwa Satumba 2024: jadawali da aikin hannu

Tsarin da muka yi a bayan kalanda aka rubuta shi. Rubutu ɗaya duk sati biyu, ba ƙari, saboda yana da aikin hawa rufi kuma na san in aka ce kullum ba zai yi ba. Shi zai yi bayani da murya kamar yana gaban kwastoma, ƙanwar ta rubuta, ni in duba. Kowane rubutu tambaya ɗaya zai amsa, amsar ta zo a layukan farko, hoto kuma sai na aikin da ya yi da hannunshi.

Sannan muka jera su da lokaci, don sabon shafi ba ranar da ka saka rubutu Google ke fara nuna shi da kyau ba, yana ɗaukar makonni, wani lokacin watanni. Don haka maganar famfon noman rani a Yuli za a rubuta tun ana tsakiyar damina, maganar ƙurar hunturu da wanke fanel a Satumba, maganar firiza da fanka a Disamba tun mutane na cikin bargo.

Rubutun farko shi ne na batir da ba ya kai asuba, kuma har yau shi ya fi kowane jawo mutane. Ba wani abu ba ne a ciki illa lissafin da yake yi ma mutane a bayan kwali. Batir mai 200Ah a kan 12V yana ɗauke da wat 2400 na awa ɗaya, amma in na ruwa ne ba a son ka sha fiye da rabi in kana so ya daɗe, saura 1200. Fanka mai cin 70, ƙwai huɗu masu cin 10 kowane, talabijin mai cin 60, jimla 170. Raba 1200 da 170 ka samu awa bakwai, cire abun da inbata ke ci da kanta ka dawo wajen shida. To in ka kunna da isha'i ina zai kai asuba? Ya ƙara da cewa a riƙa duba ruwan batir kuma kada a zuba na rijiya ko na leda. Shikenan rubutun.

Farashi ya ba mu wahala. Ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma ita ce ba ya son amsawa a fili, na ɗaya don naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba tun da aka sake ta a Yunin 2023 kuma kayan duk daga waje suke, na biyu don kar abokan sana'a su gani. Na ce mashi abokan sana'a sun riga sun san farashinka, kwastoma ne kawai bai sani ba. Aka sasanta a kan ya riƙa sa daga kaza zuwa kaza, da kwanan watan da aka sabunta a sama ɓaro ɓaro, ranar ɗaya ga kowane wata a gyara. Sau biyu ya manta, sau biyun kuma sai da aka yi cacar baki da kwastoma a shago.

Ta ɓangaren nauyin shafi, hotunan da yake ɗauka da waya kowane ya kai mega 4 ko 5, yana ɗora su haka nan. Google da sigar waya yake auna shafi yanzu ba ta kwamfuta ba, kuma ma'aunin da ya fitar shi ne babban abun da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Namu a PageSpeed Insights, wajen da Google ke auna saurin shafi, ja wur yake nunawa, wato ya yi nauyi. Balle mutumin da ke Mashi ko Kaita da netwok mai sanda biyu da datar naira ɗari biyu, ai kafin hoto ya buɗe ya fita. Muka matse kowane hoto ya dawo ƙasa da kilobait 200, muka cire wani bidiyo da ke kunna kanshi a shafin farko, muka sa maɓallin WhatsApp da na kira a ƙasan kowane rubutu.

Sai Google Business Profile, wato rajistar da ke sa shago ya fito a taswira in an nemi abu a kusa. Shi ma kyauta. Adireshi ya so ya ba mu matsala don layinsu ba lamba, kwatance ake yi da masallaci da mai shayi, sai muka dasa alamar da hannu daidai ƙofar shagon, aka tantance da bidiyo, ya ɗauko allon shago da titi da cikin shagon da kayan aiki. Duk aikin da ya gama yana roƙon mai gida ya rubuta ra'ayinshi. Ya so ya riƙa ba da katin waya ga wanda ya rubuta, na hana, dokar Google ta hana biyan lada kan wannan kuma suna iya share su.

Wani abu da muka gwada bai yi ba, kuma shawarata ce ba tashi ba. Na sa aka yi shafi shafi na garuruwa, Daura, Funtua, Dutsin-Ma, Malumfashi, Jibiya, rubutu iri ɗaya sunan gari kawai ake canzawa. Search Console ya nuna Google ya ziyarce su amma ya ƙi saka yawancinsu a rumbu. Muka goge, muka bar na Daura kawai da yake can ya taɓa yin aiki a wata makarantar Islamiyya, aka sake rubuta shi da hotunan aikin da bayanin abun da aka haɗa. Wannan ya shiga.

Oktoba 2024 zuwa Maris 2025

A ƙarshen Oktoba 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama har da Katsina suka yi fiye da mako cikin duhu. Lokacin yana da rubutu goma a shafi da rajistar taswira. Wayarshi ba ta huta ba. A makon ne ƙanwar ta ƙara layi a littafinta, duk sabon wanda ya kira sai ta tambaye shi a ina ya ji labarinsu.

Rubutun firiza ya hau a Disamba kamar yanda aka tsara. A ciki ya yi bayanin cewa firiza lokacin tashi tana fizgar wuta ninkin abun da take ci in ta daidaita, shi ya sa ƙaramar inbata ke kuka ta ɗauke ko da lissafin wat ya nuna za ta iya, ya kuma kwatanta firiza ta gida da wadda ke aiki kai tsaye da batir ba sai da inbata ba. An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris 2025, wannan karon rubutun ya riga ya yi wata biyu da rabi yana zaune.

A littafin Fabrairu sababbin masu tambaya 31 ne. 9 sun ce a taswira suka gan shi, 6 sun ce rubutu suka karanta, sauran 16 wani ne ya turo su. Cikin 16 ɗin nan akwai waɗanda suka ce linkin rubutun aka tura masu a WhatsApp. Yawancinsu matan aure ne masu son sana'ar ƙanƙara da zoɓo, ba ofisoshin da ya fara shafin dominsu ba. Daga shafin Turancin aiki ɗaya ya samu, wani kemis babba.

Rubutun famfo kuwa ya fito a bincike amma bai kawo kowa ba kai tsaye. Manoman da ke ban ruwa a Ajiwa da wajen Zobe ba karatu suke zuwa yi Google ba. Biyun da suka saya, ɗansu ne ɗalibi ya gani ya faɗa masu. Da ya mayar da bayanin saƙon murya na minti uku ya tura a zaurukan manoma, a sati ɗaya ya samu tambayoyin da rubutun bai kawo ba a wata huɗu.

Yanda nake ganin abun

In aka ce in jera su da nauyi, ɗan akwatin nan da aka manta ba a cire ba shi ya ci wata uku, kuma da an buɗe Search Console ranar farko da an gani. Kunshin da ya saya bai yi aiki ba don ba a rubuta shi don kowa ba, babu mutum ɗaya a Katsina da ke da tambayar da yake amsawa, ko da Google bai yi sauyin Maris ba ba zai kawo kira ba, ai a Janairu ma da lambobi ke sama bai kawo ba.

Rajistar taswira ita ta fi komai saurin biya, kuma ita ta fi komai arha, yini ɗaya ta ci. Da ni ne yau da ita zan fara kafin ma a gina shafi. Rubuce rubucen sun yi aiki ne saboda tambayoyin daga wayarshi suka fito, amsar daga bakinshi, da harshen da ba a cika yin gogayya a kanshi ba, sannan an saka su kafin lokacinsu ya zo. Amma ba zan ce duk hauhawar tamu ba ce. Duhun Oktoba da tsadar mai sun tura mutane wajen duk wani mai sola a garin nan har da wanda bai san mene ne Google ba, abun da tsarin ya yi shi ne lokacin da aka zo nema an same shi a wurin.

Kuskurena biyu ne, shafukan garuruwa, da kuma ɗaukar da na yi cewa kowane kwastoma ta bincike zai zo, alhali manomi kunne yake ba ma magana. Yanzu kowane rubutu in ya hau sai an yi mashi na murya. Na gaba a bayan kalandar shi ne na tsawa da walƙiya da yanda ake binne ƙarfen kariya, yana so ya hau kafin ruwan farko, har yanzu dai bai turo ma ƙanwar muryar ba.